Sunan da Inna Ta Faɗa wa Waya

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da ƙanwata, muka nufi ƙauyenmu da ke kusa da Kongolam, a bakin iyakar Nijar. Abin da ya tashe mu hannun jarin marigayi Baba ne, wanda ya faɗo a rabon Inna. Kamfanin da ke riƙe da rajistar jarin ya haɗa gwiwa da wani kamfanin manhajar waya, suka ce an daina karɓar takarda. Dole Inna ta yi bidiyo ta tabbatar da wakilinta, in ba haka ba jarin ya ci gaba da zama a kulle. Wai sauƙi suka kawo mana.

A Kazaure muka karya da waina. Wainar ta rame, kuɗinta ya yi ƙiba. Daga nan hanya ta miƙe, gero ya yi kai dama da hagu, shingayen jami'ai kuwa har na gaji da sauke gilashi.

Da hantsi muka isa. Bayan gaisuwa da fura, ƙanwata ta buɗe manhajar, sai ga saƙo wai barka da zuwa Nijar. Layin can ne ya fi ƙarfi a tsakar gidanmu. Manhajar ta ce ita ba ta aiki a ƙasar waje. A gidan da aka binne cibiyata! Na kira 'yan rajista, suka ce matsalar masu manhaja ce. Masu manhaja suka ce dokar 'yan rajista ce. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Haka muka ɗauko Inna zuwa Daura, tana ta mita an raba ta da awakinta. Muka samu inuwa kusa da rijiyar Kusugu. Manhaja ta ce a dubi dama, a dubi hagu, a ƙifta ido, Inna ta yi duka tana tsaki. Sannan ta ce mai jari ta faɗi cikakken sunan wakilinta da bakinta.

Wakilin ni ne, ni ne kuma ɗan fari. Na haura arba'in ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. "Yayanku" take cewa, ko "wancan".

"Inna, sunan Yaya za ki faɗa," in ji ƙanwata.

"Ke, ba ki da kunya? Ga shi nan zaune, su dube shi mana."

Na sake kira ko za a sauya wakili, aka ce sai an cike wata takarda, su da suka daina karɓar takarda. Sai Inna ta dube ni ta ce, "Kai, tashi ka ba mu wuri."

Na koma bayan mota, amma na ji. Ƙasa-ƙasa ta faɗa, sau ɗaya. Sai da na share ido. Manhajar kuwa ta ce ba ta ji ba, a maimaita da ƙarfi.

"Na faɗa," in ji Inna. "A bar musu jarin."

Ta buɗe mota ta shige. Ba wanda ya iya roƙonta.

Muka mayar da ita, muka shigo Kano da magariba, jari yana nan a kulle. Abin da na fahimta, kamfanoni biyu sun zauna sun tsara komai, amma a cikinsu ba wanda ya je ya tambayi uwarsa. Har yanzu haushinsu nake ji. Ni dai na ji sunana, ko da yake ba ni aka faɗa wa ba.