Keken da Ba Ya Zuwa Baure

Duk faɗin shiyyar Daura, daga Dutsi har Baure, ba a haifi mai ƙafar tuƙa keke irin tawa ba. A tambayi duk wanda ya san ni da ƙuruciya, in dai yana raye, kuma in ba ya jin haushina.

Ran kasuwar Baure, da an sallame asuba nake ɗaure buhun gero a bayan keke in kama hanya. Mu biyar ne, kowa yana yi wa nasa kirari. Yashi ya riƙe taya mu sauka mu tura, ya sake mu mu hau. A gindin wata tsamiya muke yada zango, wata Bafulatana ta dama mana fura mai tsamin da ke sa kunne rawa. Har yau ina jin ƙarar kacar nan, da ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Doka ɗaya mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya kafa mini: ba a wuce babba a bisa keke. Ko gangara kake, ka ja birki, ka sauko, ka rusuna ka gaishe shi.

A shekarun da aka fara Shari'a a jiharmu na sayi babur, na shiga dillancin dabbobi. Keke ya koma zaure, tumbi ya yi sallama ya shigo, bai kuma sake fita ba. Ana nan sai aka auna ni aka ce sukari ya hau.

Ƙanin matata ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti, kuma tsakaninmu akwai wasa. Ya zaunar da ni ya ce, "Yaya, in mutum ya motsa jiki sosai, naman jikinsa da hanyoyin jininsa suna sakin wasu 'yan ƙulle-ƙulle cikin jini, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kowane ɗauke da saƙo, wani zuwa hanta, wani zuwa wasu sassan. Masana na ganin suna cikin abin da ke sa motsa jiki ya gyara mutum."

Na ce, "To ai ni na aika wa hantata saƙon da zai ishe ta har ta tsufa. Ka san sau nawa na je Baure?"

Ya ce, "Ba a ajiyarsu, Yaya. Suna ƙaruwa lokacin da kake motsi, in ka zauna su ragu. Na Baure sun daɗe da ƙarewa."

Nan muka yi sharaɗi. Suna da keken motsa jiki a barandar asibitin, irin wanda ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. In na yi rabin awa a kai ba tsayawa, zai bar mini furata ta la'asar da sukarinta. In na kasa, zai gaya wa yayarsa ta rufe gwangwanin sukari har abada. Wanda ya san matata ya san ba ta buɗe abin da ta rufe.

Ranar na je da babbar riga, don ban ga abin cire riga a tafiyar da ba ta da yashi ba. Na hau, na danna feda, ƙafa ta tuna aikinta. Minti uku na farko har ina jin iskar Baure a fuskata. A na huɗu numfashina ya fara fita kamar zugazugin maƙera. Na saki feda don in sha gangara, sai na tarar keken nan ba shi da gangara ko ɗaya. Wanda ya ƙera shi bai san tausayi ba.

Sai ga limamin unguwarmu ya shigo karɓar magani. Wallahi wannan kam ba dabara ba ce, jikina ne ya sauko da kansa na rusuna. Muka gaisa, ya tambayi iyali, na tambayi nasa ɗaya bayan ɗaya. Ƙanin matata ya ce a sake daga farko.

Na sake hawa. Ba a jima ba wani aminin mahaifina ya wuce da sanda. Na sauka. Daga nan idona ya koma bakin ƙofa, ina roƙon Allah ya turo dattawa. Ya kuwa turo: mai unguwa, wani tsohon malamin firamare, wani mai furfura da ban taɓa gani ba. Da suka ƙare, wani mai gemu ya shigo, na dira na durƙusa har ƙasa, na riƙe hannunsa ina tambayar gida da gona da dabbobi, shi kuma yana ta ƙoƙarin janye hannu.

Ƙanin matata ya tsayar da agogon da yake ƙirga mini lokaci da shi, ya ɗauko waya yana neman lambar yayarsa.

Na ce, "Haba Likita! Tarbiyya ce fa, ba gajiya ba."

Ya ce, "Na yarda, Yaya. Amma wannan na ƙarshen, kai ka yanka ragon sunansa."