Sunayen da Tanti Veturia Ba Ta Rubuta Ba

Shekara ashirin da shida Veturia Pârvu ta yi tana sakatariya a makarantarmu, kuma ban taɓa jin ɗalibi ya kira ta da sunan da ke kan ƙofarta ba. Tanti Veturia kowa ke cewa, wato Goggo Veturia, har waɗanda suka fara furfura. Ni lissafi nake koyarwa, ajina yana kallon ofishinta.

Sakandarenmu ta gwamnati ce, a wani ƙaramin gari na kudancin Romaniya, amma ba wadda iyaye ke alfahari da ita ba ce. Duk wanda sauran makarantu suka gaji da shi mu ake turo wa: 'yan ƙabilar Roma na unguwar bayan tashar jirgi, 'yan matan da suka haihu suka dawo, samarin da iyayensu suka tafi aiki Italiya suka bar su hannun kakanni. Ita ma Veturia irinsu ce. Tana da shekara sha shida ta bar karatu ta shiga masana'antar tumatirin gwangwani, sai da ta kai talatin ta kammala sakandare. Ba ta haihu ba, mijinta Ilarie ya daɗe da rasuwa. Idan ɗalibi ya yi sati bai zo ba, da ƙafarta take zuwa gidansu ta taso shi a gaba.

Abin da ke cin mu shi ne yadda ofishin ilimi na yanki ke auna makarantu. Ba ruwansu da wanda muka tsamo daga titi. Abu ɗaya suke dubawa: cikin waɗanda suka zauna jarrabawar kammalawa, kashi nawa suka ci. Shekara biyu a jere ba mu kai rabi ba, sai takarda ta zo cewa idan aka sake, za a haɗe mu da makarantar koyon sana'a da ke ƙetaren gari. Kowa ya san can ba za su riƙe irin ɗalibanmu ko wata uku ba.

Shugaban makaranta, Malam Octav, ya kira mu ni da ita.

"Ba ƙarya na ce ku yi ba," in ji shi. "Wanda bai zauna ba ai bai faɗi ba. Malam, kai ka ware masu rauni. Tanti, ke ki lallashe su su jira zaman jarrabawa na biyu a watan Agusta. Maganarki suke ji, ni ko gaisuwata da ƙyar suke amsawa."

"Agusta suna gonakin inabi a Italiya, Shugaba. Ka sani, na sani."

"To ki zaɓa. Ko mutum ashirin bana, ko ɗari biyu baɗi."

Ni ne na rubuta sunayen, kada a ce na wanke kaina. Ita kuwa ta riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya a watan Mayu, ta dafa gahawa, ta yanka burodi mai zaƙi da ta toya a gida. Ta iya lallashi, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Babu wanda ya fito daga ofishin da fushi.

Ta ƙarshe a jerin ita ce Garofița Stan, 'yar shekara ashirin da biyu, mai ɗiya ɗaya. Duk danginta sun tafi aikin gona Sifaniya tun Maris, ita ta ƙi bin su don jarrabawar nan. Na yi ta jinkiri kafin in sa sunanta, domin a bakin iyaka take, wata rana ta haye, wata rana ta gaza da kaɗan. Ƙofa a buɗe take, na ji komai.

"'Yata, sha kafin ya huce. Me zai hana ki ƙara wata biyu, ki shiga da ƙarfinki?"

"Tanti, kina ganin ba zan iya ba?"

"Ni ban ce haka ba."

"To ki dube ni ki ce zan iya, yanzu in sa hannu in zauna jarrabawar."

Veturia ta juya tana gyara takardun da ba su hargitse ba. Garofița ta shanye gahawarta, ta wanke kofin da kanta, ta yi godiya ta fita.

Mutum arba'in da ɗaya suka gama aji na ƙarshe a shekarar. Sha tara muka kai jarrabawa, sha uku suka ci. Aka yabe mu a taron yanki, aka janye maganar haɗewa. A Agusta mutum biyu kacal suka dawo, babu Garofița. Daga lokacin Veturia ta daina cin abincin rana tare da mu, amma kowane Mayu sai ta sake dafa gahawar, don dokar ba ta canza ba. Na tausaya mata, na kuma ji haushinta, duk da na san da alƙalamina aka fara.

Bara, saura wata biyu ta yi ritaya, wata mata ta shigo da budurwa a bayanta. Da ƙyar na gane Garofița, ranar gonaki ta busar da ita. Ɗiyarta Crina ta kawo, wata makaranta ta kore ta saboda fashin aji. Garofița ta rungume Veturia, ta sumbaci hannunta.

"Ga ta nan, Tanti, wurinki na kawo ta. Na ce mata duk garin nan ke kaɗai ce ba kya yaudarar mutum. Da ba ki nuna min cewa ba ni da kan karatu ba, da na je na kunyata kaina a gaban jama'a. Ita ma ki lura da ita. Idan kan uwarta ta ɗauko, ki faɗa mata da wuri."

Yarinyar tana tsaye tana kallon Veturia, tana jiran ta ji abin da za ta ce. Veturia ta buɗe baki, ta dube ni ta ƙofa. Na sunkuyar da kai.

"Zauna, 'yata," ta ce wa Crina. "Faɗa min cikakken sunanki."