Shekarar da Inna ta ɗauki sungumi

Shekarun baya, lokacin ina lakol, wato makarantar boko, a Cadawa, mahaifina hannu ɗaya gare shi. Na daman inji ya cinye shi sa'ad da yake aikin hanya, shi ya sa duk wata uku gwamnati ke biyan shi kuɗin naƙasa. Da su yake ɗaukar 'yan ƙwadago su shuka mana gona su nome, shi kuwa yana gindin bishiyar bedi da rediyonshi yana ba da umarni. Yakan ce, "Hannuna na can buron gwamnati yana mini aiki."

Wata bazara ya tafi Maraɗi karɓa, ya dawo aljihu wayam. Wai an duba an ga an daɗe ana biyan shi fiye da ƙa'ida, don haka an tsayar sai rarar ta fita. Kuskure nasu, horo namu. Ya yi sawu har ya gaji, kullum sai "dawo wani sati".

Ana cikin haka ruwan shuka ya sauka. Danshin farko ba ya jiran kowa, kuma ranar kowa ta gonarshi yake yi. Da sassafe wani ɗan kasuwar unguwarmu ya yi sallama, ya ce a ba shi gonar jingina, shi kuma ya ba mu hatsin da za mu ci shekara. Gonar kakana ce fa. Kuma a garinmu gonar da ta shiga jingina ba kasafai take gane hanyar gida ba.

Na ga alamar Baba zai amsa. Sai ga Inna, mahaifiyata, ta fito ta ci ɗamara, sungumi a kafaɗa.

"Malam, tashi mu tafi, ƙasa na bushewa."

"Ke za ki sara? Gonar bakin hanya?"

"To wa? Ni in sara, kai ka zuba. Ai ƙafa dai biyu gare ka."

A wurinmu namiji ke gaba da sungumi yana saran rami, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Inna ta huda ƙoƙon iri, ta zura igiya, ta rataya wa Baba a wuya tunda ba hannun riƙewa. Haka muka shiga gona, ita gaba, shi baya.

Ni kuwa 'yar lakol mai ji da kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja kallabi na rufe fuska, sai ka ce ba a san gonar wa ba ce. Wani mai amalanke ya ɗaga murya, "Malam, yau juyin mulki aka yi?"

Baba bai ko ɗago ba ya ce, "An yi. Kuma sabuwar gwamnatin ta fi cika alkawari."

Layin Inna ya yi ta karkacewa, Baba na mita, tana ce mishi in ya iya ya zo ya karɓa. Kafin la'asar tafukanta duk sun ɗuri ruwa sun fashe. Da muka koma gida ya ce in miƙo man kaɗe. Ya zauna bakin tabarma, ya ɗora hannunta bisa gwiwarshi, yana shafa mata a hankali. Wallahi tunda aka haife ni ban taɓa ganin Baba ya riƙe hannun Inna ba sai ranar. Na shige ɗaki na yi ta kuka ban san dalili ba.

Gona ta tsaya a hannunmu. Dangi suka yi mana gayyar noma, muka ci tuwon wahala, shekara ta juyo aka sako kuɗin. Baba ya koma ɗaukar 'yan ƙwadago don noma, amma shuka, har ya koma ga Allah su biyu ke yin abinsu.

A da ina ganin shekarar ce mafi muni a gidanmu. Yanzu ita na fi kewa. Bana da ruwa ya sauka na kai ma'aikata gonar, Inna ta ce a ba ta sungumi ko rami kaɗan ta sara. Ta sara, ta sara, sannan ta waiwayo baya, ta tsaya tana kallon ramukan a buɗe.

Na ɗauki ƙoƙon na rataya a wuya, na bi ta.