Addar Dozi

Chidozie sunansa, amma a Azare babu mai wahalar da harshensa, Dozi muke cewa. A gidana aka haife shi, a ɗakin kusa da rijiya da ubansa Okwudili ya kama haya tun shekarar da ya zo daga kudu da sana'ar gyaran babur. Ni na yanke masa cibiya. Uwarsa tana kasuwa wurin sayar da robobi tun safe, shi kuwa yana gefena ina ɓarar gyaɗa ina zuba masa tatsuniya da rana tsaka. Maƙwabta su ce ba kyau tatsuniya da rana, ni kuma in ce wanda ya hana ya zo ya karɓi renon. Goggo yake kirana, ni ina ce masa angona.

A cikin tatsuniyoyin akwai ta Ƙaton Mashigi. Wani ƙato ne da ke zaune a inda fatake ke ƙetare kogi, duk ayarin da ya zo sai ya cinye mutum ɗaya. Ya cinye wani falke a gaban ɗansa. Ɗan ya girma, ya sa aka ƙera masa adda, ya koma mashigin ya sare kan ƙaton, gari ya yi guɗa. Iyakarta ke nan. Na ji ta a bakin kakata, ban taɓa zaton za ta cuci kowa ba.

Dozi yana da shekara tara wani mutumin Bulkachuwa ya kawo wa Okwudili gyaran babur, ya ce in ya gama ya kai masa ranar kasuwarsu. Okwudili ya goya yaron a baya suka tafi. Suna shiga kasuwar ƙanin mai babur ɗin ya hango shi, shi bai san da maganar gyara ba, sai ya kwarma ihu, ɓarawo! Kafin Okwudili ya kafe babur an fizgo shi ƙasa. Yana rantsuwa da Hausa tas, yana kiran sunan mai babur ɗin, babu mai ji. Masu sanda na duka, masu dutse na jifa, wata mata har da murfin tukunya. Ya yunƙura ya tashi a kan gwiwa, jini ya rufe masa ido, yana laluben inda ɗansa yake. A nan ne wani mai faskare, Mamman, ya raba mutane ya sauke masa ƙotar gatari a ƙeya. Dozi yana ƙarƙashin teburin mai tumatir, ya ga komai. Mai babur ya iso ana cikin neman taya da fetur.

Cikin mutum sama da hamsin, Mamman kaɗai aka kama, don shi kowa ya gani. Ya yi shekarunsa a gidan yari, ya fito, Bulkachuwa ta gagare shi zama, ya dawo Azare yana faskare a bayan tasha.

Yaron bai yi kuka ba ko a wurin binnewa. Abin da ya canza ɗaya ne, in na fara wata tatsuniya sai ya ce, "Ba ita ba, Goggo. Ta Ƙato." Ni da wautata sai in ba shi, ina cewa tunda tana sanyaya masa rai. Da uwarsa ta koma kudu ya ƙi binta. Ya gama sakandare ya buɗe shagon tura finafinai a waya, yana zaune yana kallo daga safe har yamma, yana rubutu a littattafan 'yan makaranta.

Wata rana ya ce min, "Goggo, duk finafinan nan naki ne. Na Indiya, na Turawa, na Kano. Maraya ne, da ƙato, da tsohuwar bakin hanya mai ba da shawara. Riga kawai suke canza musu."

Na ce, "To su aiko min da goro, ɓarayin banza."

Ya haɗu da wani Yunusa mai kyamara, suka riƙa yin gajerun finafinai ana sawa a intanet. Dozi ya rubuta, Yunusa ya ɗauka. An nuna min uku. A ɗaya an ƙone mugun da ransa, a ɗaya an jefa shi rijiya an bi shi da duwatsu, na ukun ban ƙarasa ba, na ce a ɗauke min wayar daga fuska. Samari kuwa suna so. Sai bara ya ce zai yi babba, Ƙaton Mashigi, kuma shi da kansa zai fito a ɗan falken.

A tsakar gidana suka yi faɗa a kan rubutun. Yunusa ya buga littafin a tabarma ya ce, "Malam, kashi goma ka rubuta, Ƙaton nan bai faɗi kalma ɗaya ba. Gurnani kawai, kamar injin markaɗe. Me ya kai shi mashigin? Yunwa ce? An kore shi ne? Mai kallo yana so ya sani."

Dozi ya ce, "Ba shi da dalili. Goggo, a tatsuniyar yana da dalili?"

Na ce, "Ni ban taɓa tambayarsa ba, ba mu saba ba."

Yunusa ya yi dariya, Dozi bai yi ba. Ya ce ya ma samo wanda zai fito a Ƙato, ba sai an koya masa komai ba. Da ya ambaci Mamman mai faskare, Yunusa ya tafa, don shi baƙo ne a garin, ƙirjin mutumin kawai ya sani da tsayinsa. Ni kuwa gyaɗar hannuna ta zube.

Kwana biyu bayan nan Kaltum matar maƙeri ta shigo aron rariya. Ita ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Ta ce, "Hajiya, angon naki ya sa Malam aiki mai ban dariya. Adda biyu iri ɗaya sak, ɗaya ta katako a shafa mata fenti, ɗaya ta ƙarfen mota. Wai ta ƙarfen don a haska ta kusa. To haskawa ce sai an wasa ta har tana aske gashin hannu?"

Na aika aka kira min Dozi. Na zaunar da shi, na ce tsufa ya sa na tuna wani abu, tatsuniyar nan ban taɓa ƙarasa masa ita ba. Na ce ai da ɗan falken ya ɗaga adda, sai Ƙaton ya durƙusa ya nemi gafara, yaron ya ƙyale shi, Ƙaton ya zama mai ƙetarar da mutane a kafaɗa. A nan take nake ƙirƙira, ina yi ina kallon idonsa.

Ya bari na gama tsaf. Ya ce, "Goggo, sau nawa kika ba ni labarin nan? Ya fi sau ɗari biyu. Ko sau ɗaya bai durƙusa ba. Wannan ƙarshen yau kika dafa shi, ko gishiri bai ji ba."

Na ce, "Don ubanka, tatsuniyar tawa ce, in na ga dama in sa Ƙaton ya yi aure."

Ya ce, "Don uban nawa ne kuwa." Ya tashi ya fita.

Na yafa mayafi na nufi bayan tasha. Na tarar da Mamman yana faskare, furfura ta cinye masa gemu. Na ce masa ya san ɗan waye ya ɗauke shi aiki? Ya kafa gatarin a icce ya ce, "Na sani, Hajiya. Tun ranar da ya buɗe shago nake canza hanya." Na gaya masa maganar adda biyu. Ya ce, "Shekara ashirin ina jiran ya zo. Da ya tsaya a nan ya yi sallama har na ji sanyi."

Na ce, "Kai in ka gaji da duniya je ka faɗa rijiya, kada ka ja min yaro gidan yari." Ya ci gaba da saran iccensa. Na je wurin Yunusa na gaya masa komai, ya rantse min zai riƙe addar ƙarfen a hannunsa. Na so in kai magana ga 'yan sanda, na kasa kai ƙarar wanda na yi wa wankan farko. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba.

Ranar ɗaukar ƙarshen na shige motarsu ba wanda ya gayyace ni. Muka je bakin kogi a Katagum, cikin bazara, ruwa ya janye sai yashi mai ƙona ƙafa. Kafin a kafa kyamara gari ya taru, masunta, masu wanki, 'yan acaba. An shafe Mamman da gawayi da toka, an ɗaura masa buhu da fatun awaki. An dama zoɓo da sitaci a bokiti, wai shi ne jinin. Yunusa ya ɗaga min addar da ke rataye a kafaɗarsa cikin kube, alamar in kwantar da hankalina. Ashe tun a mota Dozi ya musanya su, Yunusa kuwa da nauyin jakar kyamara a wuya bai lura ba.

Aka ce akshin, wato a fara. A rubuce Ƙato zai yi gurnani ya kawo cafka, ɗan falke ya sare shi. Mamman ya tako har gaban Dozi, sai ya tsaya, ya ƙi gurnanin. Ya buɗe baki da muryarsa ta kullum.

"Ban san shi ba. Ko fuskarsa ban gani ba. Ina faskarena na ji ihu, na ga kowa na gudu, na bi. Ba a sace min komai ba. Na ga duk sun buga, na ce ni da na fi su ƙarfi a bar ni a baya? Shi ke nan, ɗan nan. Na nemi wani dalilin a gidan yari, ban samu ba."

Yunusa yana raɗa wa na kusa da shi cewa kada a tsayar, wannan ya fi rubutun. Ni ina ta ihun a riƙe yaron, ana ce min Hajiya a yi shiru ana ɗauka. Dozi ya ɗaga adda da hannu biyu ya kai sara wuya. Mamman da ke cewa yana jira, da ya ga ƙarfe na walƙiya jikinsa ya ƙi, ya tare da hannun dama. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Hannun ya karkace daga tsintsiya, fata ce kawai ta riƙe shi, jini ya yi tsartuwa ya wanke wa Dozi fuska. Mutanen Katagum suka kaure da tafi da fito. Wani ɗan acaba a gefena ya ce, "Kai, 'yan fim ɗin nan sun iya haɗa abu!"

Sai wani masunci ya lura bokitin zoɓon yana nan cike ba a taɓa ba. Ya ce, "Jinin gaske ne! Ya kashe shi!" Dozi yana tsaye da addar bai sake ɗagawa ba, bai kuma gudu ba. Suka rufe shi da duka. Filafilan kwalekwale, duwatsun wanki, hular kwano. Na ga haƙoransa a yashi. Wani ya taka masa yatsu da takalmi yana murzawa. Na faɗa cikinsu ina dukan duk wanda na samu da carbi, ina kiran iyayensu ɗaya bayan ɗaya, aka hankaɗe ni na zauna a ruwa. Abin da ya tsayar da su Mamman ne. Yana kwance yana riƙe da dungulmin, ya yi wata tsawa da duk bakin kogin ya ji, ya ce, "Kuskure ne! Ni na musanya addar, ku ƙyale shi!" Suka tsaya suna kallon juna, sannan suka fara zamewa ɗaya ɗaya, kowa kamar wucewa yake.

Haka Mamman ya maimaita wa 'yan sanda, sau uku, bai canza ba. An yanke masa hannun a asibiti. Yanzu 'yarsa Mariyamu ce ke sayo itace ta kasa, shi yana zaune a kan kututture yana gadi. Ranar da ta haɗu da Dozi a ƙofar asibitin ta tofa masa yawu a fuska, ban ce mata komai ba. Shi Dozi ya rasa idon hagu da haƙora huɗu, haƙarƙarinsa har yau yana tashinsa. Fim ɗin bai fito ba. Bai je ya nemi gafarar Mamman ba, Mamman ma bai aiko ba.

Wata uku Dozi ya yi a ɗakina ina gasa masa jiki da ruwan zafi. Sai da ya fara tafiya da sanda na tambaye shi. Na ce, "To angona, ka sara. Zuciyar ta huce?"

Ya kalli ƙasa da idon nan ɗaya. Ya ce, "Na ɗauka zan ji wani abu, Goggo. Tsoho ne kawai, yana warin gumi."

Na ce ya ɗaga hannu in ɗaure masa haƙarƙarin, ruwan na hucewa.