Damina Huɗun Da Suka Hana Jikana Kaki

Ni tun ina budurwa ba fuska nake dubawa a jikin namiji ba, tafiya nake dubawa. Mutumin da ke jan ƙafa kamar an aike shi inda ba ya so, ko sarautar gari aka ba shi ba ya burge ni. Shi ya sa nake son soja. In motarsu ta tsaya a bakin hanyarmu ta Darini za su wuce Ruma, nakan fito ƙofar gida da sandata in tsaya ina kallon yadda suke dirowa, takalmi ya daki ƙasa, ƙirji a gaba. Askin nan nasu na ƙwal kwabo ne kaɗai ba na so, yana sa kunnuwan yaro su fito waje kamar na tukunya. Sauran duk na yarda da su.

To, ina da jika a hannuna, ɗan babban ɗana. Uban ya rasu yaron yana rarrafe, uwar ta yi aure wani gari, ni na riƙe shi. Ina ce masa maigida, yana ce mini tsohuwa, in kuma yana neman wani abu a wurina sai na koma amarya. Shekarar da ɓarayin daji suka kore mana shanu, wata biyu ban ji dariyarsa ba. Sai ran nan da hantsi ina tsince wake ya zo ya tsuguna.

Ya ce, "Amarya, soja zan nema."

Na ce, "Kai ɗin? Da wannan wuyan naka kamar na zabo?"

Ya ce, "Ai ke kika hana ni nama, kina ɓoyewa a ƙarƙashin gado."

Na kai masa duka da faifai ya goce. Amma a cikina daɗi ne ya cika ni har maƙogwaro. A take na ga kaina a gidan biki, mata suna matsa mini wuri a kan tabarma suna cewa ga kakar soja ta iso.

Ina da ƙanwa a Zakka, can ƙasar Safana, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni na goye ta. Na riga ta aure, na riga ta haihuwa, na riga ta ganin jika. Ita komai nata a hankali, magana ƙasa-ƙasa, dariya da hannu a baki, mutane su yi ta cewa ga baiwar Allah mai haƙuri. Ni dai na san ta. Duk abin da na ɗora a wuta sai ta jiyo ƙamshi ta ɗora irinsa, kuma nata za a yaba. Ba a yi kwana goma ba sai ga saƙo wai jikanta ma soja zai nema. Na ce Allah ya ba da sa'a, na juya na ci gaba da aikina. Raina kuwa cewa yake, ashe har a nan ma sai kin biyo ni.

Daga ranar na ɗaura ɗamara. Damina ce, zabi suna ƙwai, kullum sai na dafa masa huɗu. Fura in dama da kindirmo mai kauri, ba tsala ba. Tuwon dare na dawa in ajiye masa rabi, da safe ya ci ɗumame. Yana idar da sallar asuba zai ɗaura takalmi ya bi hanyar Batsari da gudu, ba ya dawowa sai rana ta hau, riga ta manne a baya. In ya shigo sai in tsayar da shi a jikin garu, in sa gawayi in ja layi a saman kansa, don an ce mini ana auna tsawo.

Yakan ce, "Tsohuwa, ai na daina tsawo."

In ce, "Rufe mini baki ka miƙe. Wa ya gaya maka ƙwan zabi ba ya aiki?"

Shi kuwa na Zakka, ina jin labarinsa a bakin 'yan kasuwa. Wai ya yi gudu kwana uku ya ce gwiwa na ciwo. Ranar da na ji haka sai da na ƙara wa nawa ƙwai biyu.

Ashe ba gudu ne kaɗai ba, akwai takardu. Na makaranta yana da su. Wadda ta rage ita ce ta shekaru, don yaran nan duka biyu a ɗaki aka haife su, ba wanda ya rubuta rana. Aka ce sai babba na gida ya je wani ofis ya yi rantsuwa a kan shekarun yaro, a buga hatimi. Uban na Zakka yana kudu ci-rani, sai aka tsayar da magana ni da ƙanwata mu je rana ɗaya.

Muna kan babur jikana ya yi ta ja mini kunne. Ya ce, "Tsohuwa, soja suna da iyakar shekarun da suke ɗauka. In an tambaye ki, ki ce ni da na Zakka sa'anni ne. Shi ke nan. Kada ki ƙara, kada ki ba da tarihi."

Na ce, "Yaushe na taɓa ba da tarihi?"

Sai ya ƙara wa babur wuta.

Muka tarar da ita da jikanta a kan benci. Muka gaisa, ya gida, ya ruwa, ya mutan Zakka, ya jikin wance. Ta saka wani mayafi sabo, na gani na yi kamar ban gani ba. Akawun wani yaro ne mai tabarau, ba zai wuce sa'an ɗana na uku ba. Ita ya fara kira. Ya tambaye ta shekarun jikanta, ta ce ashirin, murya kamar mai jin barci. Ni na san ta rage masa ɗaya, ko da yake ba zan rantse ba. Da ina da sharri da a nan na faɗa.

Ya rubuta, sannan ya ɗago ya dubi nawa. Jikana siriri ne, fuskarsa ba gemu, gudu kuma ya ƙara tsotse shi. Na Zakka kuwa ƙato ne, ya tara kumatu. Sai akawun ya nuna nawa da biro ya ce, "Wannan ƙaninsa ne ko?"

Ƙaninsa! Kafin in buɗe baki ƙanwata ta ce, "Eh to, kusan tare suke."

Yanzu da nake zaune na san taimako ta so yi. A lokacin ba haka na ji ba. Abin da na ji shi ne, a gaban hukuma, da biro da hatimi, za a rubuta cewa ta kamo ni.

Na ce, "Tare da wa? Ke, ji tsoron Allah! Ranar sunan wannan ƙaton, nawa da ƙafarsa ya shiga gidanku. Shi ya tsoma hannu a ƙwaryar kunu kika ce a fitar da shi waje. Kin manta? Damina huɗu cur ya ba shi. An haifi nawa ana yankan gero, shekarar da rijiyarmu ta rufta. Naki kuwa sai da muka gina sabuwa, muka sha ruwanta shekara uku. Malam, rubuta. Yayansa ne, ba ƙaninsa ba."

Jikana yana taka mini ƙafa, na ce, "Kai kuma daina taka ni, ina magana da manya."

Akawun ya ce, "Iya, kin tabbata?"

Na ce, "Ni na yanke masa cibiya, za ka tambaye ni ko na tabbata?"

Ya ɗora huɗu a kan ashirin ya rubuta, na yi rantsuwa, na dangwala yatsa. Na fito ina jin kaina kamar wadda ta ci shari'a. Har muka iso gida yaron bai ce mini uffan ba. Na zaci yunwa ce.

Ranar tantancewa suka tafi birni su biyu. Shi yana ta cewa wataƙila ba za a duba sosai ba, ni kuwa ban ma ɗauka akwai abin dubawa ba. Tun kafin labari ya zo na sa aka yanka zakara. Washegari da la'asar sai ga shi ya shigo, takardunsa a leda. Ya zauna a kan turmi.

Na ce, "Maigida, ya gudun? Ka bar su a baya ko?"

Ya ce, "Ba a bar ni na yi ba. Wani soja ya dubi takarda, ya dube ni, ya ce ka wuce shekaru, fita daga layi. Ko riga ban cire ba."

Ya kamata in ce masa sannu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Na Zakka fa?"

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, "Yana ciki. Ina tsaye a bayan shingen waya na ga ya tsaya sau biyu yana haki, amma ya kai."

Zakaran nan maƙwabta suka ci shi.

Kwana uku ina juya abin. A na huɗu na ce ya ɗauko babur mu koma ofis a gyara, ko a ɗaukar soja ta gaba ya samu shiga. Bai so ba, na matsa. Muka sami akawun nan, na ce masa tsufa ne, na ruɗe a lissafi.

Ya ce, "Ana gyara kuskure, Iya. Amma sai kin sake rantsuwa. Ki yi alwala ki dafa Alƙur'ani, ki ce abin da kika faɗa wancan karon ba haka yake ba, ba yayansa ba ne, sa'ansa ne."

Na fita na yi alwala a bakin famfo. Na dawo na tsaya gaban tebur, na ɗaga hannu. Hannun ya ƙi sauka. Ina ganin yaron nan ɗan shekara huɗu da kunu har gwiwar hannu, ta yaya zan ce ban gani ba? Na sha gaya wa mutane tsoron Allah ne ya riƙe ni, kuma akwai shi, wallahi akwai shi. Amma tunda yau gaskiya na zauna faɗa, akwai wani abu a gefensa. Na tuna wannan takarda za ta zauna a ofis har bayan raina, tana cewa ni da ƙanwata tare muka ga jika. Ban san wanne ya fi nauyi a cikin biyun ba, har gobe ban sani ba.

Jikana ya kama mini hannu ya sauke. Ya ce, "Bar shi, tsohuwa. Kada ki ƙone saboda ni. Mu tafi."

Bayan watanni aka yaye su, na Zakka ya zo hutu. Ƙanwata ta aiko wai in zo a yi murna tare. Na ce ƙafa na ciwo. Ta sake aikowa, na ce ana shuka. Jikana ne ya ce, "In ba ki je ba za a ce baƙin ciki kike yi."

Na ce, "To ƙarya za a yi?"

Ya yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, ya ce in tashi in shirya.

Tun daga zaure nake jin guɗa. Gida cike da mata, ita tana tsakiya a kan darduma, kowa ya shigo sai ya ce, "Kakar soja, barka da arziki!" Ni aka ce mini, "Sannu da zuwa, yayar kakar soja." Yayar kakar soja! Shekara saba'in da wani abu ina gaba, rana ɗaya na koma ana gane ni da ita.

Yaron ya fito cikin kaki. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi masa kyau. Kumatun sun zube, wuya ya tsaya. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, na sa masa albarka, kuma da zuciya ɗaya na sa, shi bai yi mini komai ba. Sai dai ina dafa kansa ina auna kafaɗar rigar da ido, ina cewa da a jikin nawa take da ta fi zama. Nawa yana tsaye a bakin ƙofa da makullin babur a hannu, ana ta wuce shi ana shiga ganin soja.

Na ce wa ƙanwata barka. Ta ce, "Yaya, ai namu ne duka." Na ce haka ne. Aka kawo shinkafa da nama na ce na ƙoshi, alhali ko karyawa ban yi ba. Da za mu tafi ta ba ni hoton yaron a cikin gilashi, ya ƙame, hula a karkace.

A hanya, mun wuce gonakin Zakka, na ce da bayansa, "Maigida, ni na hana ka."

Na ɗauka iska ta ɗauke maganar. Can ya ce, "Riƙe ni da kyau, tsohuwa, akwai yashi a gaba."

Na riƙe shi. Yanzu yana noma gonar ubansa, da rani yana ɗaukar fasinja zuwa Batsari, ya yi aure, matar tana da ladabi ba laifi. Bai ƙara tayar mini da zancen ba. Hoton kuwa yana cikin adakata, ƙarƙashin zannuwa. In aka ce mini ƙanwata tana hanya sai in fito da shi in goge in rataye a bango. Tana hawa babur za ta koma in sauke.