Sista Gumsu da Cibiyar da Aka So a Daka

Ƙarfe bakwai na safe Sista Gumsu Zarami take buɗe ɗan asibitin ƙauyenmu, a gefen Guri. Kafin azahar ta sallami masu zazzaɓi da masu ciki. Daga nan sai ta rataya jaka ta bi gidajen tsofaffin da ƙafa ta daina kai su wurinta. Da rani acaɓa take hawa. Da damina, in ruwa ya cinye hanya, kwalekwale ne, ana kutsawa cikin ciyawar kacalla. Shekara talatin da biyu ke nan tana wannan aikin. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma har yau ba a turo mana kowa ba.

Mahaifina, Malam Muhammadu, masunci, yana cikin tsofaffin nan. Shekara shida ke nan ciwon karkarwa ya kama shi. Hannun da ke jefa birgi, komar kamun kifi, ya koma ba ya riƙe kofin shayi. Ƙwayoyin da Sista ke kawo masa ba sa warkarwa, sai dai su saki jikin ya tashi, ya ci, ya yi alwala da kansa.

Bara yayana Abdulwahid ya ga bidiyo a waya, wai an gano maganin ciwon a cibiyar jarirai, ana ce masa sitem sel. A makon ne kuma matarsa ta haihu. A gidanmu in cibiya ta faɗi binne ta ake yi a bayan ɗaki. Wannan karon aka ajiye ta ta ƙara bushewa, za a daka a zuba wa Baba a kunu. Aka kuma ɗauke masa ƙwayoyinsa, wai kada magani biyu su yi faɗa. Na yi magana, aka ce boko ya fasa min kai. Kwana huɗu jikin Baba ya sandare, ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Ban nemi izinin kowa ba, na shiga kwalekwale na ɗauko ta.

Ta shigo zaninta jiƙe har gwiwa. Sai da ta ba Baba ƙwaya a cokali, ta tallafe masa wuya har ya haɗiye, sannan ta juyo.

"Abdulwahid, ni na yanke taka cibiyar. Da magani ce, ai da buhu na tara."

"Sista, likita ne fa ya faɗa a bidiyon."

"Likitan ya san sunan babanka?"

Ta zauna kan turmi ta yi mana bayani. Abin gaskiya ne, ta ce. Akwai ƙwayoyin halitta da ke iya rikiɗa su zama wani sashen jiki. Ana samun su a ɗan tayi na kwanakin farko, da ɓargon ƙashi, da jinin cibiya a lokacin haihuwa, har fatar mutum masana na iya mayar da ita haka. Burinsu su maye gurbin waɗanda suka mutu a ƙwaƙwalwa. "Amma gwaji ake har yanzu, Malam, kuma da ransu ake aiki da su. Wannan busasshiyar fata ce. Ba zan yi maka ƙarya ba, maganinka bai iso ba."

Baba ya yi hawaye. Ita ta karɓi cibiyar, ta sa Abdulwahid ya haƙa rami da hannunsa.

Sista, ke ce mai faɗin gaskiya ga wanda ya fi son a ruɗe shi. An zage ki a gidaje, an ce baƙin ciki kike wa marasa lafiya, washegari kika koma gidajen da jakarki. Mun gode. Allah Ya saka miki, Ya ba ki mai tallafe naki wuyan.

Ku da kuka karanci aikin jinya kuka maƙale a Dutse da Kano, fadama ba ta cin mutum. Mu da ke cikinta ba mu mutu ba, kuma ba roƙonku muke ba. Ku zo ku karɓi jakar nan.

Baba na ƙara rauni, muryarsa ta kusa ɓacewa. Jiya ya tambaye ta ko masanan sun gama gwajin.

"Ba su gama ba, Malam," in ji ta. "Aikinka su tarar da kai da rai. Buɗe baki."