Buhu Uku na Malam Iro

Da daminar nan da muke ciki, shekara arba'in da ɗaya ke nan da muka kai Malam Iro makwancinsa a Safana. Ni ba marubuci ba ne. Wata huɗu na yi a ajin yaƙi da jahilci, biyu daga ciki a bakin taga na ƙare su ina tsokanar masu wucewa. To amma waɗanda suka san shi duk sun tafi, saura ni, sai mai karatu ya yi haƙuri da abin da ya samu.

A ƙarshen zamanin Turawa, shi ne malamin jin daɗin jama'a na yankinmu. Ɗan gidan malamai ne daga Runka, ya yi allo ya haɗa da boko. Ofishinsa kaf keke ne da sanda.

Wata shekara ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Mu a Wagini, tun kafin bazara rumbuna suka ƙare. Di'o, Baturen mulkin yankin, ya aiko da dawa, aka yi shela mai buƙata ya zo ƙofar mai gari. Magidanta ba su je ba. Mu nan, gara a ce mutum ya mutu da a ce ya kasa ciyar da gidansa. Matata Hurera takan ɗora tukunyar ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi, ni kuma in fito dandali ina sakace haƙora kamar wanda ya tashi daga kan nama.

Malam Iro bai tambayi kowa komai ba. Gaisuwa yake shiga gida gida, ana ina gajiya ina iyali, sai ya jingina da rumbu ya ɗan ƙwanƙwasa da sandarsa kamar da wasa. Nawa ya amsa masa kamar ganga.

Kashegari ga shi da jakuna da buhu uku.

"Tanimu, alfarma na zo nema. Siton Bature ya cika, na rasa wurin ajiya. Ko rumbunka da sauran wuri?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, in an matsa ba a rasa ba."

Kada wani ya ce ban gane ba. Na gane sarai. Duk gidan da aka kai wa irin wannan ajiya, ran nan aka tuƙa tuwo. Ni ko na ƙudurta in mayar masa da buhunansa da ɗinkinsu, ya je ya ba da labari cewa akwai wani namiji a Wagini. Inna, mahaifiyata, ta yi magana, na ce amana ce. Hurera ta yi kuka, na ce amana ce. Mako uku muna cin ganyen tafasa da dusa. Ɗiyata ta fari, wadda a gida ake ce wa Lami, tana shekara uku, ta daina tafiya ta koma zama, ƙafafunta suka kumbura, gashinta ya yi ja. Ina gani, ina kawar da kai.

Ran da Malam ya dawo da hantsi, a zaure ya iske ta. Ya daɗe yana dubanta. Ya hau rumbu ya leƙa, ya sauko, ya wuce ya durƙusa gaban Inna.

"Inna, yunwa na kwaso tun daga Batsari. Yau a gidan nan zan ci tuwo."

Ta ce, "Malam, ba tsaba a gidan nan sai taka. Ga mai gadinta nan tsaye, ko ni da na haife shi ba ya bari in kusanta."

Nan suka kama ni. Baƙo, malami, ya buɗe baki ya roƙi tuwo, in ce babu? Na fito da buhu ɗaya. Ya ce a fito da duka ya duba. Ya zaro 'yar wuƙarsa ya farke ɗinkin na farko, ya farke na biyu, ya farke na uku.

"Af! Buhun da aka buɗe bakinsa ba ya komawa sito. Ka ja mini, Tanimu. Sai ka san yadda za ka yi da su."

Loma biyu ya yi, ya zauna har yarinyar ta shanye kununta. Da na raka shi wurin kekensa, ya rage murya ya ce, "Kai girman kai ya ƙosar da kai. Ita me zai ƙosar da ita?" Daga ran nan muka zama aminai, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tada maganar gaban mutane ba. Yau ni na tona kaina.

Yanzu aikin nan nasa ya zama ma'aikata guda a babban birni, da minista da motoci. Ina jin su a rediyo, kuma ba na zaginsu. Na san Malam ma ba zai zage su ba, don ya san nauyin abin, kuma yunwar yau ta fi ƙarfin keke ɗaya. Sai dai zai tambaya: wanda bai shiga layi ba fa, wa ke zuwa duba shi? Akwai manoman Runka da Darini da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, suna raɓe a gidajen dangi. Jiya su ke fitar da zakka, yau ana cewa su tsaya a rana a ɗauke su hoto da buhu a ka. Na san da yawansu. Irina ne sak, suna can suna sakace haƙora.

Malam bai bar gidan bene ba, kekensa ma ban san inda ya ƙare ba. Amma Lami tana nan da jikokinta. Bana, da ta tashi aika wa wata baƙuwa daga Runka buhun gero, na ga ta ɗauko wuƙa ta farke bakinsa, sannan ta ce a gaya mata ajiya ce. Ta ɗago ta dube ni. Na sunkuyar da kai na ce Allah Ya jiƙan Malam Iro.